Daga Farfaru zuwa Shifta: Koyar da Yara Rubuta Wasula Masu Rikitarwa a Makarantun Birniwa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wahalar da yaran ajin farko na firamare suke sha wajen rubuta wasulan Hausa da boko, ta ɗauki ƙasar Birniwa da ke masarautar Haɗeja a matsayin misali. Ta nuna cewa rubutun boko ya ɓoye tsawon wasali, ajami kuma ya ɓoye bambancin "u" da "o", don haka kowanne yana nuna abin da ɗan'uwansa ya rufe. Ta bayyana yadda wannan ya shafi ma'anar addu'a da ingancin karatu, sannan ta kawo matakan da malamin aji zai bi don ya mayar da ilimin farfaru, wanda yaro ya riga ya samo a makarantar allo, ya zama tsani zuwa rubutun boko.

1.0 Gabatarwa

Birniwa ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja a Jihar Jigawa. Tana kan layin dogon da ya tashi daga Kano zuwa Nguru, wato tana bakin hanyar gabas, wadda almajirai suka daɗe suna bi zuwa tsangayun ƙasar Barno bayan an kawar da amfanin gona. Ƙasar Haɗeja kanta ta yi suna da alarammomi da gwanaye. Saboda haka yaron da ya shiga aji ɗaya a wannan yanki galibi ba da wofi yake zuwa ba. Ya riga ya zauna gaban malam da allo a hannu, ya rera sunayen baƙaƙe, wataƙila ma ya fara ɗora musu wasula.

Duk da haka, idan malamin boko ya yi wa irin wannan yaro shifta, sai ya ga kurakuran wasali sun fi na baƙi yawa. Yaron zai rubuta "se" a maimakon "sai", da "karan" a maimakon "karen". Idan kuma aka ba shi rubutu ya karanta, sai ya tsaya a kan kalma kamar "gado" bai san wanne ake nufi ba. Sau da yawa a kan ɗora laifin a kan rashin mayar da hankali. Gaskiyar al'amari ita ce akwai dalilai a cikin tsarin rubutun kansa, kuma maganinsu yana kusa. A wannan maƙala, duk inda ake son nuna dogon wasali za a ninka shi, amma wasalin da ake magana a kansa kaɗai, don sauƙin bayani.

2.0 Wasula goma sha biyu, haruffa biyar

Hausa tana da gajerun wasula biyar, da dogaye biyar, da tagwayen wasula biyu, wato "ai" da "au". Jimla goma sha biyu ke nan, amma boko ya tanadi haruffa biyar kacal. Tsawon wasali kuwa yana canza ma'ana gaba ɗaya. "Gado" na kwanciya dabam yake da "gaado" da ake raba wa magada. "Tsari" da ake nema daga Shaiɗan dabam yake da "tsaari" na shirya abu. Haka "hali" na ɗabi'a da "haali" na yanayi, da "duka" na gamewa da "duuka" na bulala, da "fasa" tulu da "faasa" tafiya. Yaron da ya saba ganin masu kwalekwale a kogin Haɗeja lokacin cikowar ruwa ya san "fito" na ƙetarar da mutane, ya kuma san "fiito" na baki, bai taɓa rikita su a magana ba. A takarda ne kawai suka zama abu guda.

Wannan ya samo asali ne daga tarihin boko. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa a 1912. Daga baya Hukumar Talifi ta Zariya a ƙarƙashin Rupert East ta daidaita rubutun, aka shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939 ta yaɗa shi. A duk waɗannan matakai an bar tsawon wasali da karin sauti ga ƙamusoshi, irin na Bargery na 1934. Bayan taron Bamako na 1966 Jamhuriyar Nijar ta ɗauki ninka dogon wasali na wani lokaci, amma daidaitawar da aka yi a Yamai a 1980 ta koma ga wasali ɗaya. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce Bahaushe yana gane kalma daga jimlar da take ciki. Hujjar ta yi daidai ga babba wanda idonsa ke riga bakinsa zuwa ƙarshen layi. Yaro ɗan shekara shida kuwa gaɓa-gaɓa yake tafiya, bai kai ga ƙarshen jimlar ba balle ta taimake shi.

3.0 Abin da yaro ya kawo daga makarantar allo

A tsarin allo ana fara wa yaro da babbaƙu, inda yake sanin baƙaƙe da sunayensu na Hausa, kamar ba-guje da kaf-lasan da lam-ara da mim-jaye da ha-kuri. Daga nan sai farfaru, inda ake ɗora wasula: wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a, ɗauri, da sauransu. Sai tattashiya, inda yake haɗa baƙi da wasali ya tayar da kalma. Abin lura shi ne an ware wa wasali mataki nasa na kansa, ba a cakuɗa shi da koyon baƙi ba. A rubutun hannu na alarammomi ma an ware shi da launi: baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya.

Wannan kulawa tana da tushe mai nisa. Malaman tarihin Mushafi, cikinsu har da Abu Amru Addani wanda ya rasu a shekara ta 444 bayan Hijira, sun kawo cewa Abul Aswad Addu'ali, wanda ya rasu a shekara ta 69, shi ya fara sa ɗigo don nuna wasali saboda tsoron lahani. Ya umarci marubucinsa ya riƙa kallon bakinsa: in ya buɗe shi a sa ɗigo a sama, in ya tattara leɓɓa a sa a gaba, in ya karya a sa a ƙasa. Daga baya Khalilu ɗan Ahmad Alfarahidi ya kawo siffofin da muke amfani da su yau, ya ciro su daga alif da wau da ya. Ke nan tun asali an koyi wasali ne ta kunne da kallon baki, kuma an ɗauki gajeren wasali a matsayin rabin harafin madda. A ilimin tajwidi madda ta ɗabi'a haraka biyu ce, gajeren wasali kuwa haraka ɗaya. Wannan shi ne ainihin bambancin "gado" da "gaado".

Da malamanmu suka rubuta Hausa da ajami, tun daga waƙoƙin wa'azi na zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u, sai suka yi amfani da wannan tsari: alif bayan wasali bisa, ya bayan wasali ƙasa, wau bayan rufu'a. Wasalin "e" kuma, wanda babu shi cikin wasulan Larabci uku, sun samo masa alama daga ɗigon imala na ruwayar Warshu daga Nafi'u, wadda ita ce ruwayar tsangayunmu. Sai dai ajami yana da nasa giɓin. Rufu'a ɗaya ce take wakiltar "u" da "o" a mafi yawan rubuce-rubuce, don haka "kura" da "kora", ko "duka" na bulala da "doka", suna fitowa da siffa guda. A nan boko ya fi shi bayani. Karin sauti kuwa, wanda ya raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, babu wanda ya nuna shi cikin biyun.

4.0 Me ya sa wannan ya shafi masu nazarin addini?

Dalili na farko shi ne addu'a. Idan aka rubuta "Allah ya gafarta masa", boko bai nuna ko roƙo ake yi ko labari ake bayarwa ba. Da gajeren "ya" mai saukakken sauti roƙo ne. Da dogon "yaa" kuwa an yanke hukunci ne cewa gafara ta riga ta auku, wanda magana ce a kan gaibu. Babba ya san abin da ake nufi saboda sabo, amma yaron da yake koyon karanta littattafan addini na boko yana iya jan wasalin bai san ya mayar da addu'a da'awa ba. Ba banza ba a bugun tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da ya fi yaɗuwa aka ɗora 'yar alama a kan dogayen wasula da yawa. An ga cewa a irin wannan wuri ba a barin mai karatu ya yi ta cinke.

Dalili na biyu shi ne kalmomin Larabci da ake rubuta wa yara da boko a Islamiyya. Cikin sunayen Allah kyawawa akwai Almajiid da Almaajid, boko yakan mayar da su "Almajid" duka. "La" gajere na ƙarfafa magana ne, "laa" dogo kuwa na korewa ne, ma'anoni biyu masu karo da juna. Malaman fiƙihu sun yi gargaɗi a kan jan wasalin "ba" a cikin kabbara, don kalmar takan koma jam'in wani irin ganga, da kuma jan hamzar farko ta sunan Allah, don maganar takan koma tambaya. Yaron da idonsa ya saba cewa tsawon wasali ba abin rubutawa ba ne yana iya ɗauka ba abin kiyayewa ba ne, daga nan ya faɗa cikin lahani bayyananne.

Dalili na uku shi ne ruwayoyi. A Fatiha, kalmar da ta gabaci ambaton ranar sakamako ana karanta ta da gajeren wasali a ruwayar Warshu, ma'anarta sarki, da dogo kuma a ruwayar Hafsu daga Asimu, ma'anarta mamallaki. Duka biyu tabbatattun ƙira'o'i ne. Yaro a Birniwa yakan ji ɗaya da asuba a tsangaya, ya ji ɗayar da yamma a Islamiyya, musamman tun da musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shiryawa a 1986, ta ƙara yaɗa Hafsu da littattafan tajwidi. In bai san mene ne dogo da gajere ba, sai ya zaci ɗaya daga cikin malamansa ya yi kure.

5.0 Wurare huɗu da yara suka fi tuntuɓe

Na farko, dogo da gajere, kamar yadda ya gabata. Wannan ya fi fitowa a karatu, amma yana fitowa a rubutu ma, don yaro mai kaifin kunne yakan ninka wasali da kansa, malam ya soke masa ba tare da bayani ba.

Na biyu, wasulan "e" da "o" a rufaffiyar gaɓa. Idan aka liƙa wa suna "n" ta nasaba, dogon wasalin ƙarshe yakan gajarce, "e" da "o" kuma su karkata zuwa "a" a furuci. Shi ya sa yaro yake jin "karan gida" alhali ƙa'ida ta ce "karen gida", yake jin "zoban" a maimakon "zoben", da "ragwan layya" a maimakon "ragon layya". Kunnensa bai yi ƙarya ba. Ƙa'idar ce ta zaɓi kiyaye asalin kalma, don kada kare ya rikice da karan dawa.

Na uku, tagwayen wasula. A saurin magana "ai" yakan kusanci "e", "au" kuma ya kusanci "o". Daga nan ne "se" da "de" da "kawe" suka fito, rubutun saƙon waya kuma ya ƙara musu gindin zama, har yara suna ganin su a hannun yayyensu. "Sau uku" ya koma "so uku".

Na huɗu, gajerun "i" da "u", waɗanda sukan maye gurbin juna daga gari zuwa gari, kamar "biki" da "buki", ko "fushi" da "fishi". A ƙasar Birniwa akwai ƙarin dalili, don yara da yawa suna tasowa da Mangaranci ko Fulatanci a gida. Barbarci yana da wani wasali na tsakiya wanda Hausa ba ta ba shi harafi ba, Fulatanci kuma ana rubuta dogon wasalinsa da ninki. Malamin da ya san harshen gidan ɗalibinsa zai gane daga ina kuren ya taso.

6.0 Matakan koyarwa

A shekarar 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa. Ga matakan da za su sa wannan ya yi amfani a fannin wasali, kuma babu wanda yake buƙatar kayan aiki fiye da allo da alli.

Mataki na ɗaya: kunne kafin hannu. Malam ya furta kalmomi biyu-biyu daga rayuwar yaran, kamar "gari" da "gaari", "gashi" na kifi da "gaashi" na kai, "jima" da "jiima" ta fata, yara suna kallon bakinsa. Su ƙirga da yatsa yadda ake ƙirga haraka a tajwidi: lanƙwasa ɗaya ga gajere, biyu ga dogo.

Mataki na biyu: a kira abin da sunan da yaro ya sani. A ce masa "a" wasali bisa ne, "i" wasali ƙasa, "u" rufu'a, "e" imala, dogo kuma shi ne mai madda. A lura cewa yaron da Hafsu kaɗai ya karanta bai saba da imala ba, don wuri ɗaya tak ta zo a ruwayar, a cikin Suratu Hud. Irin wannan yaro sai an nuna masa ɗigon daga farko.

Mataki na uku: kalma ɗaya, rubutu biyu. A rubuta "gado" na kwanciya da na magada da ajami, yaro ya ga alif ya raba su, sannan a rubuta su da boko ya ga sun haɗe. A juya kuma a rubuta "kura" da "kora", ya ga boko ya raba abin da ajami ya haɗa. Da haka yake gane cewa kowane rubutu yarjejeniya ce ta mutane, mai ƙarfi a wani wuri, mai rauni a wani.

Mataki na huɗu: alamar wucin gadi. A aji ɗaya da na biyu a riƙa ja wa dogon wasali ɗan layi a sama da jan alli, kwatankwacin jan alif da yaro ya sani a allo. Idan ya ƙware a aji uku sai a janye alamar, kamar yadda ɗalibin Larabci yake barin littafi mai wasali ya shiga marar wasali. Kada a koya masa ninka wasali a shifta, don ya saɓa wa daidaitacciyar ƙa'ida da za a jarraba shi a kanta.

Mataki na biyar: komawa ga asalin kalma. Kafin yaro ya rubuta "karen", a tambaye shi: in an cire "n", me ya rage? In ya ce "kare", ya sami wasalinsa. Haka "zobe" da "rago". Tagwan wasali kuma a ja shi a hankali har yaro ya ji sautuka biyu, ya ga yadda ajami yake rubuta shi da wasali bisa sannan ya ko wau mai ɗauri.

Mataki na shida: gwajin "ya". A ɗauki jimla kamar "Audu ya zo" a mayar da ita jam'i. In ta zama "su zo", umarni ne ko fata, wasalin gajere ne. In ta zama "sun zo", labari ne, wasalin dogo ne. Ladabi ya hana a yi wannan gwaji da sunan Allah, don haka a can sai a yi amfani da korewa: roƙo yana korewa da "kada", labari kuma da "bai".

A game da "i" da "u", malam ya bi abin da ƙamus ya tabbatar, kamar Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ya kuma gaya wa yaro cewa furucin gidansu ba laifi ba ne, rubutu ne aka daidaita don kowa ya fahimci kowa.

7.0 Wasu tambayoyi da za a iya yi

Wani zai ce: ya dace a ɗauki kayan aikin karatun Alƙur'ani a yi wa boko hidima da su? Amsa ita ce magabata sun riga sun yi wa Hausa da Fulatanci hidima da su ta hanyar ajami, don isar da addini ga wanda bai ji Larabci ba. Abin da za a kiyaye shi ne ladabi: misalan aji su kasance kalmomin yau da kullum, kada a rubuta aya a allon da za a goge da tsumma ƙurar ta zuba ƙasa.

Wani kuma zai ce rubutu biyu a lokaci guda zai rikita yaro. Ai yaron Birniwa ya riga yana ɗauke da su biyun, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Abin da ke rikita shi shi ne kowane malami yana koyarwa kamar ɗayan babu shi. Gyaran yana hannun masu horar da malamai, kamar Kwalejin Ilimi ta Gumel da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, su tabbatar malamin Hausa na firamare ya iya ajami, malamin Islamiyya kuma ya san ƙa'idojin boko.

8.0 Kammalawa

Kuren wasali da ake gani a littafin shiftar yaro yana da dalilai sanannu: tsawon da boko bai nuna ba, sauyin da rufaffiyar gaɓa take kawowa, tagwayen wasula da saurin magana ke haɗiyewa, da bambancin karin harshe. Makarantar allo ta riga ta koya masa sauraron wasali da ƙirga tsawonsa. Idan malamin aji ya gina a kan wannan, yaro zai rubuta Hausa daidai, ya karanta addu'a a matsayin addu'a, ya kuma kiyaye madda a sallarsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ajin farko kuwa shi ne lokacin. Allah ne mafi sani.